Ranar da Na Hana Malam Magana

Mai gidana mutum ne mai magana. Idan ya fito da safe, jakinmu ma sai ya gaishe shi, ya tambaye shi gajiyar jiya, ya tsaya kamar mai jiran amsa. Shekara talatin da 'yan kai muka yi tare a ƙauyenmu, tafiyar rabin yini a amalanke daga Dogon Dutsi, ban taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba. Ni ce mai shiru a gidan. Amma a cikin abu ɗaya tak da ya rage mana inda ake ganinsa yana numfashi, shi ne ya yi shiru, ni ake ji.

Kafin wannan rana sau biyu aka taɓa ɗaukata hoto. Na farko a Dogon Dutsi ne, na kartidantite, katin shaidar ɗan ƙasa. Mai hoton ya ce in ɗaga haɓa, kada in ƙifta, kada in yi dariya. Na biyu ranar da muka gama karatun yaƙi da jahilci, aka jera mu gindin bedi, itacen da wasu ke kira darbejiya. Wata ta buɗe baki za ta tsawata wa goyonta daidai lokacin da aka danna, fuskarta ta fito kamar an shafe ta da jiƙaƙƙen hannu. Shekara guda muna tsokanarta. Daga nan na riƙe abu ɗaya a matsayin ilimi: hoto ba ya son motsi, ba ya son magana. Tun da na fara zuwa karatun da allona a hammata, Malam, haka nake kiran mai gidana, ya laƙaba mini Malama. Duk abin da ya shafi takarda ko kayan zamani sai ya ce a tambayi Malama. Da wasa yake faɗa, amma yana bi.

Ɗana na fari ya dawo daga cin rani a birnin Kwatano, can bakin teku, gab da shuka. Ya zo da kyamara 'yar ƙarama, ba ta fi sabulun wanki ba, da 'yar igiyar maƙalawa a hannu. Lokacin salula mai hoto ba ta shigo ƙauyenmu ba. A saman kyamarar akwai wani ɗan abu da ake murzawa: a murza gefe ɗaya ta ɗauki hoto, a murza ɗaya gefen ta ɗauki bidiyo, da motsi da murya. Wannan duk daga baya na sani. A ranar ya zauna ƙofar ɗaki yana yi wa ƙanwarsa bayani, ni ina can bakin murhu na ba su baya.

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce me ya hana ni matsawa in gani. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na dubansa ido cikin ido, ba na zama tabarma ɗaya da shi. Idan ina son ya ci abinci sai in ce wa ƙanwarsa, "Gaya wa wancan tuwo na hucewa." Haka uwata ta yi da yayana, haka na taras. Ba ƙi ba ne. In ya yi tafiya, ni ce abinci ba ya wuce mini wuya. Amma in tsaya kusa da shi in ce ya nuna mini yadda abinsa yake aiki, wannan kunya ba ta bari.

Da la'asar ƙanwar tasa ta tafi rijiya, shi kuma ya ce zai ɗauki babansa. Malam ya shiga ɗaki ya sa shuɗiyar rigarsa ta Juma'a, ya fito yana gyara hula, yana gaya wa jaki ya buɗe ido ya ga yadda manya suke. Ya tsaya jikin rumbu. Ɗana ya ɗaga kyamarar.

"Baba, yi magana. Faɗi duk abin da kake so."

Malam ya gyara murya. Ya ce, "To ni dai..."

Ni kuma daga bakin murhu, ban ko waiga sosai ba, na ce, "Malam, hoto ne fa. Ba a magana. Rufe baki, kada ka fito kamar an shafe ka."

Ya dube ni, ya dubi ɗansa. Ya haɗa leɓɓansa, ya sauke hannuwa, ya ɗaga haɓa.

Ɗana bai sauke kyamarar ba. Ya ci gaba da riƙe abin a gaban fuskarsa, ya daɗe, har na yi mamakin wane irin hoto ne mai cin lokaci haka. Sai na ce a raina sabon abu ne, ƙila sai ya nuna kamar tuwo. Can ya sauke hannu. Washegari ruwa ya sauka, aka shiga shuka, daga shuka sai noma, ba wanda ya ƙara tuna kyamara.

Hatsi ya fara ƙosawa, zazzaɓi ya kama Malam. Kwana shida ya yi. Muka kai shi likita a amalanken da jakin nan ke ja, a kanta muka dawo da shi a lulluɓe. Allah ya jiƙansa.

Bayan na fita takaba gidan ya yi tsit, ɗana ya koma Kwatano ya bar wa ƙanwarsa kyamarar. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne muryar Malam ta fara ɓace mini. Ina tuna maganganunsa, ɗaya bayan ɗaya, amma in na nemi sautin sai in ji nawa. Fuskarsa tana nan daram. Muryar ce ke zamewa.

Wata rana ina surfe ɗiyata ta ce, "Inna, kin san Baba na cikin abin ga?"

Ta kunna ta miƙo mini. Na gan shi tsaye jikin rumbu da shuɗiyar riga. Na ce hoton ya yi kyau, bai shafe ba. Sai na ga ganyen bedi yana kaɗawa a bayansa. Sai ya ƙifta.

"Bidiyo ce, Inna. Har da murya. Bari in maido ta farko."

Ta maido. Na ji ɗana yana cewa Baba yi magana. Na ji kalmomin nan uku. Sannan na ji wata mace daga gefe, da murya ta wadda ta tabbata da abin da ta sani, tana cewa ya rufe baki. Na daɗe ban gane ni ce ba.

Abin da ya biyo baya na haddace shi. Ana jin dakan maƙwabta. Ana jin Bafillatana a bayan danga tana tallan nono. Jakin ya yi kuka, idon Malam ya gangara wajensa, kuncinsa yana rawa, na san akwai abin da ya zo masa baki ya danne. A kusurwa akwai lambobi suna tafiya, na iya karanta su: minti biyu da daƙiƙa goma sha huɗu. Duk zamanmu ban taɓa ganin ya yi shiru mai tsawon haka ba, in ba a sallah ba.

Wannan ne ya sa mini rai. Na ce mutumin nan ba zai iya ba, dole ya yi ƙunƙuni ko kaɗan, iska ce ta rufe. Ranar kasuwa na ƙulle kyamarar a bakin zane na shiga mota zuwa Dogon Dutsi. Kusa da tasha akwai mai gyaran salula, mai gemu, wandonsa a ɗage. Ya ba ni kujerarsa.

"Inna, mi ke tahe da ke?"

Na gaya masa. Bai yi dariya ba. Ya zare wani ɗan kati daga cikin kyamarar ya sa a na'urarsa, ya ɗora mini abin saurare a kunnuwa ta saman mayafi, ya ƙara sauti har dakan maƙwabta ya koma kamar a kaina ake yi. A ƙarƙashin dakan na ji numfashin Malam, yana shiga yana fita ta hanci. Sau uku muka saurara.

"Babu, Inna. Numfashi kaɗai ne. Ki yi haƙuri."

Ya kwafe mini a wani katin, ya ce in adana, don batirin kyamarar ya fara kumbura, ba zai daɗe ba.

Jikata, wadda aka haifa bayan rasuwar, da ta fara wayo aka nuna mata. Ta kalla har ƙarshe, ta ɗago ta ce, "Kaka bebe ne?" Uwarta ta kai mata hannu, na riƙe. Na ce mata ba bebe ba ne, ni na hana shi.

Da ɗana ya dawo a wannan shekarar, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na same shi yana gyara ƙotar hauya, na zauna a gefen tabarmarsa. Ya matsa, ya sunkuyar da kai.

"Don mi ba ka ce mini ba hoto ba ne?"

Ya daɗe yana murza ƙotar. "Inna, gaban Baba zan ce kin yi kuskure? Na ce bari wata rana kin tahi unguwa in sake. Na ɗauka akwai lokaci."

Na ce, "Mi babanka ya so ya ce a ranar?"

"Ban sani ba. Ni ma shi nake ta tambayar kaina."

Can ya tashi ya ɗauko kyamarar, ya ce batirin zai iya minti ɗaya ko biyu. Bai dube ni ba ya ce, "Ke kika fi kowa sanin maganarsa. Faɗi yadda yake gaida jaki, yara su samu."

Na tsaya jikin rumbun. Wata 'yar jar wuta ta kama. Sai na tsinci kaina na sauke hannuwa, na ɗaga haɓa, na haɗa leɓɓa. Da ƙyar na raba su. Na ce, "Ina kwana, sarkin aiki, ya gajiyar jiya?" Ta fito siririya, tawa. Na gyara murya na ƙara mata kauri, na sake. Ba ita ba ce. Jakin yana can yana cin harawa, bai ɗago kai ba. Ina shirin gwadawa ta uku, wutar ta mutu.