Dutsen Kuza a Tafin Chuwang

Yayana Chuwang ya san dutse fiye da yadda na san allura, kuma shekarata takwas ina aikin nas. A Bukuru muka tashi, a bakin ramukan kuza. Tun yana ɗan shekara bakwai yake taya Mama wanke kuza da ƙwarya. Baba kuwa rami ne ya rufta da shi. Da safiyar ranar ya ga tsaga a bango, amma shugaban lebura ya ce a sauka, shi kuma bai iya yi wa babba musu ba.

A 1983 na ɗauko Chuwang zuwa Alexandria, kusa da Washington, ya zauna da ni a hawa na sha ɗaya. Ya shiga ƙaramar kwaleji ta shekara biyu yana karatun ilmin duwatsu, da yamma yana tuƙa tasi. Burinsa ɗaya ne: ya wuce jami'a a College Park, ya koma gida ya zama mai duba ramuka kafin a sauka. To amma takardar shekara biyu ba ta kai mutum ko'ina, kuma gurbin tallafin zuwa jami'a guda ɗaya tak kwalejin take da shi. Malaminsu, wani tsohon Bature mai suna Bartholomew, shi ke zaɓar wanda za a ba.

Kowa ya san na Chuwang ne. Har baho ya mayar mini wurin wanke yashi! Na yi faɗa har na gaji.

Ana saura mako biyu a yi zaɓen, malamin ya shigo aji da wani baƙin dutse. Ya ce tama ce, wadda ake fitar da ƙarfe daga cikinta, ya miƙa a zagaya da ita. Tana sauka a tafin Chuwang ya ji nauyin da ya sani tun yana yaro. Kuza ce, ko makaho ya san haka. Ya ɗaga kai ya ga furfurar malamin, ya ga yara ashirin sun zuba ido. Sai ya sunkuyar da kai ya miƙa wa na kusa da shi.

Wata yarinya mai suna Pauline ce ta ɗaga hannu ta ce ita fa ba ta yarda ba, dutsen ya yi nauyi da yawa. Ko sunan dutsen ba ta sani ba. Ashe da gangan tsohon ya yi, don ya ga wanda zai yi magana. Ita aka ba gurbin.

Wallahi ranar da na ji, kamar in mare shi. Na ce, "Yaya, bakinka ciwo yake yi?"

Shekarar ce kuma farashin kuza ya faɗi, kamfanoni a gida suka yi ta sallamar mutane. Nan kuwa duk inda ya nemi aiki sai a ce sai ɗan ƙasa. Gaba ba hanya, baya ba hanya. Yau shekara huɗu yana zagaya Washington da tasi, kuma ina jin tausayinsa har cikin raina.

Sai bara ya gaya mini sauran labarin, muna cin gwate ranar Lahadi bayan coci. Ya ce malamin ya kira shi ofis ya tambaye shi, "Kai da ka fito ƙasar kuza, ba ka gane ta ba?"

Chuwang ya ce, "Na gane ta tun da ta taɓa hannuna, ranka ya daɗe. A wurinmu ba a ƙaryata babba a gaban yara."

Tsohon ya dube shi ya ce, "A aikin nan, wanda ya gani ya yi shiru, mutane yake binnewa."

Chuwang ya ajiye cokali ya ce mini, "Dorkas, bai ma san labarin Baba ba."