Aljihun Wandon Auta

Shekara talatin da shida ke nan mai wankin nan na bakin layi yana zura hannu a aljihun mutane, kuma babu wanda ya taɓa kiransa ɓarawo. Aikin ne ya gaji haka. Kafin riga ko wando su taɓa ruwa, sai ya juya aljihunan ya zazzage su a kan teburin guga. A saman kanta yana da gwangwanayen madara a jere, kowanne da zare ɗaure a wuyansa: ja na gidan malamin makaranta, kore na direban tanka, baƙi da fari na ma'aikaciyar jinya. Irin wannan zaren yake ɗinkawa a cikin ƙugun wando ko bayan wuyan riga, don kada kayan wani su tafi gidan wani. Duk abin da ya fito daga aljihu sai ya jefa shi a gwangwanin gidan, ranar karɓar kaya ya miƙa ba tare da ya ce uffan ba. Ya miƙa makullai, ya miƙa haƙorin yaro a ƙunshe cikin takarda. Ya taɓa miƙa wa wani magidanci hoton da ba na matarsa ba, ya kuma ce a gaida gida.

Mai aski, wanda shagonsa ke manne da nasa, yakan leƙo ya ce, "Mai Guga, ranar da ka buɗe baki, rabin layin nan sai sun kwashe kaya."

"Da kai za a fara," yakan amsa, hannunsa bai bar dutsen guga ba.

A tsawon shekarun nan ya saba da karanta mutum daga aljihunsa. Ya yarda cewa baki na iya shirya magana, amma abin da aka manta a aljihu na mai aljihun ne.

Kayan gidansa ne kawai ba su da zare, domin matarsa ce ke wanke su a gida. Wata huɗu da suka wuce ta zame a banɗaki ta bugu a ƙugu, tun daga nan yake ƙunso wankin gida ya kawo shago duk Asabar. A cikin ƙunshin har da kayan Auta, ɗansu na ƙarshe, mai shekara ashirin, wanda ya gama koyon aikin wayar lantarki. Wani kamfanin da ke kafa allunan hasken rana a kan rufin gidaje ya ce zai ɗauke shi horo na wata shida a wani gari. Abin da ya rage shi ne takardar da uba zai sa wa hannu, a mayar ranar Litinin ta ƙarshen wata.

Wata Asabar da hantsi ya juya aljihun wandon Auta, sai wani katin magani ya faɗo, a murɗe, gurabensa goma duk fanko. Ya miƙar da shi da babban yatsa ya karanta sunan da ke baya. Ya san sunan. Maganin kashe raɗaɗi ne mai ƙarfi, wanda ba a bayarwa sai da takardar likita, kuma a 'yan shekarun nan ya sha ciro irinsa daga aljihun samarin da babu abin da ke musu ciwo. Ya ɗaga kai ya dubi kanta. Babu gwangwanin da zai jefa shi. Sai ya sa a aljihunsa.

Akwai abin da ko matarsa ba ta sani ba. Yana ɗan shekara sha takwas ya yi leburanci a wurin gini tare da wani abokinsa da ake kira Dogo. Da maganin tari suka fara, a zuba a kwalbar lemo a sha don dariya. Daga baya wani ya kawo ƙwayoyin da ya ce idan ka sha za ka wuni kana hawa da bulo ba ka san kana da baya ba. Haka ne kuwa, ba su san suna da baya ba. Wata rana da azahar Dogo ya taka katako a hawa na uku, yana murmushi, ya sa ƙafa inda babu katako, ya faɗo. Shi kuma mai wankin, kawunsa ne ya ɗauke shi ya kulle shi a shagonsa na wanki, ya yi makonni yana karkarwa yana zufa tsakanin bahunan ruwa. Tabon da ke dantsensa na hagu, wanda yake cewa gawayi ne ya zubo masa, gyangyaɗi ya yi a kan dutsen guga mai zafi, bai kuma ji ba sai da ya ji ƙauri. Shi ya sa a gidansa ko maganin ciwon kai ne sai an faɗa masa wanda ya sha da dalilin sha, kuma ragowar a hannunsa take kwana. A gidan ana ɗaukar abin a matsayin tsaurin hali kawai.

Asabar ta gaba ya sami kati biyu, an ninke su ƙanana an cusa a ƙaramin aljihun nan na gaba. Ninkin ne ya fi tayar masa da hankali, domin wanda ya ninke abu haka ya san ɓoyewa yake yi.

Daga nan ya sa wa yaron ido. Auta ya yi hamma a wurin cin abinci, ya lura. Ya sosa hanci, ya lura. Ya daɗe a banɗaki, ya duba agogo. Wani saurayi mai babur ya tsaya a ƙofar gida ya yi masa fito, ya riƙe fuskar. In Auta ya yi dariya sai ya ga ta yi yawa, in ya yi shiru sai ya ga shirun ba na lafiya ba ne. Takardar kamfani kuwa tana kan rediyo, kullum Auta sai ya gyara mata zama yadda ido zai faɗa a kanta.

"Baba, biro ne babu? In ara maka nawa?"

"Ina sane da ita."

Duk sanda ya kalli takardar, rufin bene yake gani, da ƙafa tana neman katako.

Ranar Alhamis ya shiga shagon mai aski, ya zauna kamar mai son gyaran gemu.

"Jiya-jiya na gyara maka, ko so kake in fara aske fatar?"

"Yaron nan nawa, kana ganinsa kuwa?"

Mai aski ya kashe injin. "Tunda ka tambaya. Sau biyu na gan shi yana shiga kemis ɗin nan na bayan tasha. Na ce a raina, ga kemis a layinmu, me ya kai shi can? Amma ka san ni, ba na sa baki a harkar mutane."

"Na san ka."

Washegari da la'asar ya rufe shago da wuri, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya bayan wata motar kaya a tasha har ya ga Auta ya shiga kemis ɗin. Bai ga ya miƙa wata takarda ba. Ya ga ya karɓi abu ya tura a ƙaramin aljihu, ya waiga hagu da dama, ya fito.

Ya riga shi isa gida. Matarsa tana kwance a ɗaki, labule a sake. Ya zauna a falo, ya jera katunan uku a kan tebur, ya ɗauko takardar kamfanin ya ajiye a gefensu. Auta ya yi sallama ya shigo, ya ga tebur, ya tsaya inda yake.

"Fito da na aljihunka."

Auta ya ciro sabon kati ya ajiye.

"Naka ne?"

"A aljihuna ka gani, Baba."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Yaron ya kalli labulen ɗaki, ya sunkuyar da kai. "To, nawa ne."

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki takardar ya riƙe ta da hannu biyu. "Ba zan sa hannu a ɗora ka kan rufin mutane ba. Gara ka zauna a gabana kana jin haushina."

"Malam, ajiye wa yaro takardarsa."

Matarsa ce a bakin ƙofa, ta dafa bango. Ta taka a hankali ta zauna a hannun kujera.

"Nawa ne," in ji ta. "Likita ya rubuta mini na mako biyu lokacin da na faɗi. Kai ka riƙe, kai ka dinga ba ni, ka tuna? Da ya ƙare ciwon bai ƙare ba. Na san in na ce maka a ƙaro, wa'azi zan sha. Sai na aiki Auta. Shi yake fitar da fankon, tunda kai har kwandon shara kake dubawa."

Bai yarda ba. Uwa ce, kuma ya san uwa za ta iya ɗaukar abin da ya fi wannan ta ɗora a kanta. Ya buɗe baki zai faɗi haka, sai idonsa ya sauka a kan hannunta. Yatsun suna rawa a kan gwiwarta. Zufa ta tsattsafo mata a goshi alhali fanka tana juyawa. Ta yi wata doguwar hamma, idonta ya cika da ruwa, ta goge hanci da bakin mayafi. Kuma tun da ta zauna, ba shi take kallo ba, ba Auta ba. Sabon katin da ke kan tebur take kallo.

Ya san wannan kallon. Ya taɓa yinsa a shagon kawunsa.

Duk abin da ya yi mako biyu yana nema a jikin yaron, ashe yana gefensa a kan gado wata huɗu. Ya tuna yadda ta daina ƙorafin ƙugu amma ta koma yawan barcin rana, yadda take jin haushi ba dalili kafin Auta ya dawo, ta kuma sami natsuwa bayan ya dawo. Rigunanta ba su da aljihu, shi ya sa bai taɓa karanta ta ba.

"Nawa kike sha a rana?"

"Biyu."

"Uku, Umma," in ji Auta a hankali. "Wani lokacin huɗu."

Mai wankin ya juyo gare shi. "Kai fa?"

Auta ya ce, "Sau biyu. So na yi in ji abin da take ji. Na farko amai na yi. Na biyu ban yi ba, daɗi ma na ji. Shi ne ya ba ni tsoro, ban ƙara ba."

Sau biyu. Haka shi ma ya ce wa kawunsa, a lokacin da ya daina ƙirga ko sau nawa ne. Ya daɗe yana duban fuskar yaron, bai ga komai a cikinta ba sai fuskar ɗansa. Sai ya naɗe hannun rigarsa na hagu.

"Wannan ba gawayi ba ne," ya ce. Ya ba su labarin Dogo tun daga kwalbar lemo har zuwa hawa na uku, bai rage komai ba.

Da ya gama, matarsa ta ce, "Shekara talatin muna tare, Malam. Da ka faɗa mini, da kai zan fara gaya wa."

Ya ɓalle ƙwaya ɗaya daga katin ya miƙa mata da kofin ruwa, domin ya san irin wannan ba a yanke shi rana ɗaya. Washegari ya kai ta asibiti da kansa, da fankon katunan a aljihunsa, ya zazzage wa likita su a kan tebur. Likita ya tsara yadda za a rage mata a hankali, ya kuma tura ta a sake duba ƙugun.

Ranar Litinin da safe ya sa hannu a takardar, a kan teburin guga, da biron Auta. Bai tabbata ba, amma ya sa. Sannan ya ɗauko kayan aikin da yaron zai tafi da su, ya goge su, ya zare shuɗin zare ya ɗinka a ƙugun kowane wando. Ya wanke sabon gwangwani ya ɗaura masa shuɗi a wuya, ya ɗora a kanta kusa da na direban tanka.

"Baba, na zama kwastoma ke nan?"

"Duk ƙarshen wata ka ba direba wankinka ya kawo mini."

"Can ma fa akwai ruwa da sabulu."

"Na sani."

Ƙunshin farko ya iso bayan mako huɗu. Mai aski ya biyo shi har cikin shago, wai ya zo aron almakashi. Mai wankin ya jira sai da ya gaji ya fita, sannan ya kwance. A aljihun dama akwai ƙusoshi uku da guntun salatif. A na hagu akwai 'yar takarda da rubutun Auta: "Baba, kada ka manta da ƙaramin aljihun. A gaida Umma."

Ya yi murmushi, ya kuma zura yatsa a ƙaramin aljihun har ƙasa. Babu komai. Ya san wannan bai nuna masa komai ba, illa dai yaron ya koyi zazzage aljihunsa. Ya jefa ƙusoshin a gwangwani mai shuɗin zare, ya ninke takardar ya sa a aljihunsa don ya kai wa matarsa, ya tsoma wandon a ruwa.