Inda Manhajata Ta Tsaya

Shekarar da Baba ya rasu na dawo gida daga makaranta, kwamfuta a jaka, kai ya kumbura. Ƙungiyar manoman rani ta kanal ɗinmu, can wajen Kadawa, ta ce in fitar musu da jadawalin ban ruwa: wa zai sha Litinin, wa zai sha Talata. Na ce ai wannan aikin minti goma ne.

Magatakardan ƙungiyar, wani dattijo mai makarantar allo, ya sa an buga masa sunayen masu gonaki a fayil, daga bakin kanal har wutsiya. Na rubuta 'yar manhaja mai karanta fayil ɗin layi-layi. Dole ne a gaya wa manhaja inda karatu zai ƙare. To ni gwani, maimakon in sa ta duba ko fayil ya ƙare da gaske, sai na ce da zarar ta tarar da layin da babu rubutu ta tsaya. Ko buɗe fayil ɗin ban yi ba. Aka buga takarda, aka manna a ƙofar ruwa.

Kwana shida Baffa, ƙanen Baba, yana jira. Gonarsa a wutsiya take, kuma bai daɗe da dashen tumatir ba. Mai buɗe ƙofa ya ce shi takarda yake bi. Baffa ba ya karanta boko, ba shi da hayaniya, ya ɗauka layi ne bai zo kansa ba.

Rannan na je na ga gonar da idona. Dashen ya kwanta kamar an watsa masa ruwan zafi. Na ruga na buɗe fayil. Ga layi fayau, ƙarƙashinsa gonaki huɗu da manhajar ba ta taɓa karantawa ba. Uku masara ce, ta jure. Gyaran bai ci minti ɗaya ba, amma an riga an rufe babban kanal sai wani satin. Na yi roƙo har muryata ta dushe, ba wanda ke da ikon buɗewa.

Haushi ya kai ni wajen magatakarda, ina ta faɗa kan me ya sa ya bar giɓi a tsakiyar sunaye. Ya bari na gama. Ya ce haka suke yi tun suna rubutawa a littafi: in mutum ya rasu a cire sunansa, a bar masa gurbi har a raba gado.

"Ɗana," in ji shi, "ai layin mahaifinka ne."

Sunan Baffa ne ke biye da shi.