Sawun Fati a Gonar Nomau

Indo ta Hamdara ta san ciyawar nan da sunaye da yawa. Uwarta gaugai take ce mata. Mijinta Nomau ƙuduji yake cewa, in ransa ya ɓaci ya ce makasa. 'Yan birnin Damagaram kuma su ce wuta-wuta, don hatsin da ta kama sai ya ƙanƙance kamar an babbake shi. Akwai ta hatsi, akwai ta wake, duk dangi ɗaya ne: a ƙarƙashin ƙasa suke kama saiwar shuka su tsotse. Manomi yakan tuge su tun ba su yi fure ba, ya ƙone a bayan gona, domin irinsu ya fi ƙura laushi.

Fati, 'yar farin Indo, ba ta san wannan ba. Jan furen ne ya burge ta. Takan tsinko shi daga gonar maƙwabta har da wanda ya bushe, ta ratsa tasu gonar tana kaɗa shi, ta kai wa uwarta gindin gawo. Da bazara sanƙarau ya ɗauke ta.

Da damina ciyawar ta fito a jere, daga bakin gona zuwa gindin gawon, har da 'yar karkatar da yarinyar takan yi don kauce wa gidan tururuwa. Indo ta hana a taɓa. Ita da ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ba saboda kunya, sai ta riƙa tsayawa tana bin layin da ido.

Kowace shekara layin yana faɗi, damman hatsi suna raguwa.

"Indo, rumbu ya kusa ƙasa," in ji Nomau. "Fure za mu daka mu ba yara?"

"Ba ta yi fure ba tukuna, Malam."

"Shi ya sa nake magana yau."

Ta ce shi kada ya sa hannu. Ta fara daga bakin gona, a duƙe, tana tugewa tana bin karkatar, har gindin gawo. Ta kwashe ta kai waje ta cinna wuta.

Nomau ya ce, "Kada ki ce an gama. Irin nan yakan kwana shekaru a ƙasa, baɗi ma zai fito."

Indo ta dubi hayaƙin.

"Na sani," ta ce.