Soyayyen Irin Barkono

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya sa an soya irin barkono a kasko, ya ƙulle mani a leda ya ce in je in shuka. Na kai gida na yi kwana arba'in da 'yan kai ina ba shi ruwa. Abin da ya yi mani ke nan, ban ƙara komai a kai ba.

Barkonon na mahaifinmu ne, mu nan tonka muke ce mashi. Gajere ne mai kauri, in an shanya shi ba ya baƙi, jansa na nan har wata kaka. Tun muna ƙauyenmu a ƙasar Maradun, Baba ke zaɓen 'ya'yan fari da sunka fi cika, ya zura su a zare ya rataye a madafi inda hayaƙi ke bugunsu. Da ya rasu kowa ya ci gaba da nashi. Yaya ya koma Bakura tun da wuri, ya samu filin rani, masu saye sunka san shi da wannan barkono, har Makka ya je da kuɗinsa. Ni na zauna ƙauye. Shekarar da zama ya gagara saboda 'yan bindiga, munka fito da tabarmi da tukwane, munka baro zaren iri a rataye. Ban tuna da shi ba sai da munka iso Mafara. Ɗakin ma na ji an ƙone shi.

Shekara biyu ina dako a kasuwa ranar Talata, sauran kwanaki abin da ya samu. Sai wani surukina ya ara mani ɗan fili a bakin ruwa. Ya ce in na dasa kafin sanyi ya kankama, nawa ne wannan rani. In ban dasa ba zai ba mai albasa, don ba a barin filin ruwa haka nan.

A wurinmu ba a hana ɗan'uwa iri. Ana hana ka hatsi, ana hana ka jaki, amma iri in ka roƙa sai an ba ka ko cikin cokali ne. Wanda ya hana, har jikokinsa sai an yi masu gori. Shi ya sa na hau mashin na tafi Bakura ba da wani tunani ba. Munka gaisa, gida, iyali, gajiya. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Ka dawo gobe, sai an ɓare maka an sheƙe." Baba da ɓawonsa yake ba mutum, amma ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka karamci ne.

Na yi mashi duk yadda anka koya mana. Na jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan ɗumi. Na ga ya ɗan yi duhu, na ce hayaƙi ne. Na samu fasassun bahuna uku na huda gindinsu, na haɗa rairayi da ruɓaɓɓen takin awaki da na tankaɗe da rariyar mai ɗakina, har ta yi faɗa. Na barbaɗa iri, na rufe da ƙasa ba ta wuce kaurin farce ba, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Na ɗora su kan bulo saboda kaji, na lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙadangaru. Safe da yamma ina yayyafa ruwa da gwangwanin da na huhhuda da ƙusa.

Kwana goma ba komai. Ban damu ba, barkono ba ya gaggawa. Ran sha biyar wani tsiro ya leƙo, na yi kwana uku ina tsugunawa a kansa kamar mai jinya. Da ya buɗe ganye, ashe tafasa ce daga cikin taki. Na cire ta.

Na ce ko ƙasar ce. Na ɗebi kaɗan daga sauran irin na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na aje kusa da murhu don ɗumi. Mako guda na kwance, ya yi funfuna. Ranar kasuwa na ci karo da Yaya, ina ɗauke da buhun wani a ka. Na ce mashi bai fito ba. Ya yi dariya ya ce, "Hannunka na, ƙanena. Dako ya ɓata maka hannu." Na yarda. Na koma na sake haɗa ƙasa na sake shukawa.

Mai ɗakina ce ta gano. Ba ta gaya mani ba, ta murje barkonon cefanenta a gefen baho ɗaya. Kwana tara ya fito tsaf, jere. Ta kira ni ta nuna mani, sannan ta zuba ragowar irin Yaya a tafina ta ce, "Malam, tauna ka ji." Na tauna. Ya fashe kamar soyayyen riɗi, har da ƙamshin kasko. Na tofar, na sha ruwa, na tafi sallar la'asar.

Lokacin sanyi ya riga ya shigo. Surukina ya zo da kansa ya ba ni haƙuri, ya ce mai albasa ya fara gyaran fili. Na ce ba komai. Kuma gaskiya ban ji komai ba. Mai ɗakina ta yi kuka, ni ina zaune ina kallonta. Na zubar da ƙasar bahunan a bayan gida, kaji sunka hau tono.

Bayan kwana biyu na tafi Bakura. Na iske shi a lambu, dashensa ya kama, kore shar, layi-layi. Munka gaisa har ƙarshe, ban rage ko ɗaya ba. Na miƙa mashi ledar na ce ya tauna. Bai karɓa ba, bai kuma musa ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "Bari in sa a ciro maka dashe ko ɗari biyu."

Na ce, "In dasa ina, Yaya? Hilin an ba wani. Da kac ce mani ba ka bayarwa, da na sayi na kasuwa na shuka, da yanzu ina da abin ba ɗiyana. Bakin mutane kaj ji tsoro, to ba ni gaya ma kowa, kwantar da hankalinka. In an yi maka haihuwa zan zo suna. In ka riga ni, zan kama makara. Amma irin Baba na bar maka shi, kada ka aiko mani ko ɗanye na."