Badaru da Sunan Zabuwa

A Gaya akwai wani gidan burodi da allonsa ya yi shekaru fari fat, babu ko harafi ɗaya a jikinsa. Na Badaru ne, mutumin Balan, gajere mai kaurin damtse, wanda in ka tambaye shi dalilin farin allon sai ya shiga gyaran itacen tanda kamar bai ji ka ba.

Cin rani ya kai shi Kano a 1962, ya faɗa hannun Alhaji Tukur, mai kamfanin Burodin Zabuwa. A lokacin ko wanda bai iya boko ba ya san wannan burodi, don hoton zabuwa ne a takardar da ake naɗe shi da ita. Shekara takwas Badaru yana kwaɓi. Alhaji ne ya yi masa auren Hure, da zai sallame shi kuma ya haɗa masa gwangwanayen gashi da buhun fulawa huɗu, ya sa masa albarka.

Da ya gina tandarsa a Gaya sai batun suna ya taso. Badaru ya sa aka rubuta masa allo, Sabuwar Zabuwa, aka buga masa takardu da tsuntsuwa mai zane iri ɗaya sak.

Hure ta ce, "Malam, wannan ba sunan Alhaji ba ne?"

Ya ce, "Takwara na yi masa. In mutum ya yi maka alheri, ba sunansa kake sa wa ɗanka ba?"

"Haka ne. To ka je ka faɗa masa mana."

"Zan je."

Wannan "zan je" ta shekara huɗu. Ni dai ban taɓa jin inda aka yi wa mutum takwara ana ɓoye masa ba, kuma Badaru ya san haka sarai, shi ya sa in ya shiga Kano sayen fulawa yake kewaye layin kamfanin. Amma ciniki ya yi daɗi, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Mutanen Toranke da Ajingi suka ɗauka reshen kamfani ne. Magidancin da ya manta tsaraba a Kano sai ya saya a Gaya, ya kai wa iyali a matsayin na birni.

Shekarar fari, 1973, fulawa ta yi tsada. Badaru ya fara haɗawa da garin rogo, ya rage sukari. Burodin ya koma mai tauri, kwana ɗaya ya yi tsami. Ba wanda ya ce Badaru ya ɓata aiki, abin da ake cewa shi ne Zabuwa ta lalace. Motar kamfani ta kawo na gaske kasuwar Ajingi, masu shayi suka ƙi karɓa.

Ranar wata kasuwa Badaru na tsaye bayan teburinsa a Ajingi sai ga Alhaji Tukur da kansa, ya tsufa, yana dogara sanda. Badaru ya zube ƙasa yana gaisuwa. Ya riga ya ji raɗe-raɗin cewa ɗan Alhaji, wanda ya yi boko, ya ɗauki lauya, don sunan da tambarin duk an yi musu rajista.

Alhaji ya ɗauki burodi ɗaya, ya daɗe yana duban takardar, ya gutsura ya tauna da ƙyar. Mutane suka fara taruwa.

Ya ce, "Badaru, an ce ka yi mini takwara."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"A Balan haka kuke yi, a raɗa suna mai sunan bai sani ba? To na gode. Sai dai ka bar takwaran nawa da rogo."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce maganar kotu ya hana, ba zai tsaya gaban alƙali da yaron da ya aurar ba. Ya sa sauran burodin a aljihu ya koma mota. Da ma zaginsa ya yi, da Badaru ya fi samun sauƙi. Kunya ta rufe shi, sai da wani mai goro ya kama hannunsa ya tashe shi.

Washegari Badaru ya ƙona takardun a tanda, ya shafe allon da farin fenti. Ya daina sa rogo. Hure ta ce ya rubuta sunansa, ya ce bai ga sunan da ya rage masa ba.

Bayan shekara biyu Hure ta haifi namiji, na farko bayan mata uku. Badaru ya ɗaure zabi biyu ya hau mota zuwa Kano, zai roƙi izinin sa wa yaro Tukur. Ya isa layin kamfanin, ya hango Alhaji zaune a kan benci yana jan carbi. Ya tsaya a tsallaken titi tun hantsi har aka kira azahar, yana tunanin da wane baki zai sake furta kalmar takwara a gaban mutumin nan. Ya sayar da zabin a tasha ya dawo. Ranar suna aka raɗa wa yaro Da'u.

Kwana uku da suna motar kamfani ta tsaya a ƙofar gidansa. Ɗantani, direban kamfanin, ya sauke rago da turmin atamfa na mai jego, suka gaisa.

Ya ce, "Alhaji na yi maka barka. Ya ce tun da ya ji namiji ne ya sayi ragon nan, yana ta sauraron a zo a ce an yi masa takwara. Ya ce ba komai, Allah ya raya Da'u."

Badaru ya karɓi igiyar ragon, yana riƙe da ita har motar ta ɓace.