Uku a Jikin Kishimin Ƙarfe

A bayan ɗakin rataye nama na kwarin Glen Orrachan akwai wani kishimi na ƙarfe da aka kafa tun kafin a haifi Lachie Matheson. Faranti ne mai kauri da wani maƙeri ya yanka da siffar namijin barewa, ƙahonsa ɗaya ya daɗe da karyewa, an shafa masa farin fenti daidai bayan kafaɗa. Yadi ɗari daga gare shi akwai wani ɗan tudu da ba ya rabuwa da taɓo. Shekara arba'in da shida Lachie ya yi yana kai baƙin mai gida, wato mamallakin kwarin, farautar barewa a kan dutse, kuma babu wanda ya taɓa taka dutse da bindiga sai ya fara kwanciya rub da ciki a taɓon nan, ya zuba harsashi uku a cikin farin fentin. Mai banki ne, likita ne, surukin mai gida ne, duk ɗaya. In mutum ya fara kawo tarihin namun dajin da ya kashe a wasu ƙasashe, Lachie zai saurare shi har ya gama, sannan ya nuna masa taɓon ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na yarda da kai. Barewar ce ba ta san ka ba. Kwanta."

Ɗan makiyayin tumaki ne, a bakin tafkin da ke gindin kwarin aka haife shi. Yana da shekara ashirin da biyu tsoho Farquhar, shugaban mafarauta na lokacin, ya ɗauke shi aiki, ya ɗora masa wata tsohuwar bindigar soja da ke shurin kafaɗa kamar alfadari. Shekara biyu ya yi yana fama da ita kafin ya sayi tasa ta kansa, mai lamba 270, wadda daga ranar bai sake kallon wata ba. Matarsa Ishbel ta sha faɗa a gaban mutane cewa bindigar ta riga ta zuwa gidan da wata huɗu, kuma har yau ita ake fara gogewa in an dawo daga ruwan sama.

Mutanen wannan sana'a ba su da gardamar da ta fi ta faɗin bakin bindiga. A da, ranar Asabar in sun haɗu a mashayar ƙauye, sai ka rantse rabon gado ake yi. Masu 243 su ce tasu ba ta ɓata nama, Lachie ya ce ai ta harbin zomo ce, shi kuwa zomo ba ya da naman ɓatawa. Masu 308 su buga tebur. Wani baƙo ya taɓa zuwa da wata jibgegiya da aka ƙera don giwa, Lachie ya juya ta a hannu ya tambaye shi ko tsaunin ya zo rushewa. Shi dai magana ɗaya ya riƙe: 270, da harsashin dalma mai nauyin 130, mai laushin kai, wanda in ya shiga ƙirji yake buɗewa, kishimi ya yi taku goma ya faɗi. Yawancin waɗanda ya yi wannan musu da su yanzu suna maƙabartar coci, kuma yana kewar su fiye da yadda yake bari a gani.

Abu ɗaya yake alfahari da shi a duniya, kuma daga Farquhar ya gaje shi. Tsohon ya gaya masa tun ranar farko cewa dabbar da ka raunata hakkinta na wuyanka, ba a saukowa daga dutse a bar ta tana jan jiki. Baƙi sun sha yin ɓarna, wannan ya yi harbi a ciki, wancan a cinya. Lachie ya bi kowace ɗaya, cikin ƙanƙara da hazo, har ya ƙarasa ta. A shekara arba'in da shida ko ɗaya ba ta kwana da rauni a Glen Orrachan ba, kuma shi kansa bai taɓa buƙatar harsashi na biyu ba.

A shekararsa ta ƙarshe kafin ya ajiye aiki ne mai sayen naman kwarin ya aiko cewa ya daina karɓar barewar da aka harba da dalma. Mai gida ya ce kowa ya koma harsashin jan ƙarfe. Bayan kwana uku Lachie ya shiga mota ya tafi gari, shagon bindigogi na Rhona, 'yar wani amininsa da ya rasu.

"Baba Lachie, ɗauki mai nauyin 110," in ji ta, tana ajiye kwali a gabansa. "Jan ƙarfe ba ya buɗewa sai da gudu. Mara nauyi ya fi masa."

"Ke, tun kina rarrafe a ƙarƙashin teburin nan nake harba 130."

"Na sani. Babana ma ya ce taurin kanka ya fi nauyin 130 ɗin."

"Allah ya ji ƙansa, shi ma ba a bar shi a baya ba. Miƙo min abin da na tambaya."

Ta miƙa masa, amma ba ta saki kwalin ba. "To ka gwada su a faranti kafin ka hau. Nauyi ɗaya ne, amma ba wuri ɗaya suke sauka ba."

Ya kalle ta ta saman tabarau. "Ni za ki koya wa faranti?"

Kwalin ya zauna a kan taga duk kakar nan. Baƙi da bindigoginsu suke harbi, kuma a bana babu wanda ya yi ɓarnar da za ta sa ya ɗaga tasa. Gaskiyar magana, ba ya son taɓa sababbin ne, haushinsu yake ji. Tsofaffin na dalma kuwa ya mayar wa Rhona, ban da ƙwaya ɗaya da ya jefa a aljihun gaban rigarsa. Ishbel ta ci karo da ita ranar wanki, ya ce ta tunawa ce, ta mayar masa.

Da ranar ƙarshe ta zo, mai gida ya ce kishimin yau na Lachie ne, ya zaɓa ya harba da hannunsa. Ba sai ya yi tunani ba. Akwai wani tsohon kishimi mai tsagaggen kunne da ya sani tun yana ɗan maraƙi a bayan uwarsa, shekara goma sha huɗu ke nan. Ƙahonsa ya fara raguwa saboda tsufa, haƙarƙarinsa ya fito, kowa ya gani ya san ba zai kai ƙarshen hunturu ba. Lachie ya ga ya fi masa mutuwa ta farat ɗaya da a bar shi yunwa ta ci shi a hankali.

Da safe suka fito shi da Torquil, mai jan dokin da ke sauko da nama daga dutse, wanda benci ɗaya suka zauna a makarantar ƙauye. Hanya ta bi da su ta gefen kishimin ƙarfen. Torquil ya rage tafiya.

"Ba za ka gaisa da mutumin naka ba?"

"Mun fi shekara arba'in muna gaisawa. Bindiga ɗaya, nauyi ɗaya."

"Au, haka ne? Ni dai mai doki ne, me na sani."

"To tsaya a dokinka."

Wajen hantsi ya hango tsohon da madubin hangen nesa, shi kaɗai a wani lungu na dutse. Ya bar Torquil da doki a ƙasa, ya zaga ta inda iska ba za ta kai ƙamshinsa ba, ya ja ciki cikin ciyawa mai jiƙe gwiwoyinsa suna kuka, har ya rage yadi ɗari da hamsin. Ya ɗora bindiga a kan jakarsa. Kishimin ya miƙe, ya ba shi gefe sosai. Ya auna bayan kafaɗa, ya saki numfashi, ya ja kunama.

Tun kafin ya ɗago kai kunnensa ya gaya masa. Ƙirji in ya karɓi harsashi yana da tasa ƙara mai nauyi, wannan kuwa ƙarar ƙashi ce. Kishimin ya yi tangaɗi, ya juya, ya haura tudu da ƙafa uku, ta gaban tana lilo. A inda ya tsaya Lachie ya tarar da ɗan jini kaɗan da gutsattsarin farin ƙashi a kan ciyawa. Ya durƙusa yana kallon su. Kunya ta rufe shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro, sai kuma tsoro ya biyo ta, don hazo ya fara taruwa a kan tsauni, kuma in ya sauko babu mai ganin tafin hannunsa.

Torquil ya iso da doki, ya dubi ƙashin, ya dubi abokinsa. Duk tsokanar da ke bakinsa ya haɗiye ta. "Ya yi wajen rafi," kawai ya ce.

Awa uku suna bi. Jini ya ɗauke, suka koma bin sawu, kofato uku da jan ta huɗu a laka. Sau biyu Lachie ya faɗi, sau biyu ya ƙi hannun da aka miƙa masa. Wajen la'asar suka hango shi a tsallaken wani kwazazzabo, yana tsaye a bakin ruwa, kansa a sunkuye. Ya kai yadi ɗari biyu, babu hanyar matsawa, kuma bayansa gangare ne da in ya faɗa ciki sai dai hankaki su gano shi.

Lachie ya kwanta. Akwai sauran jan ƙarfe uku a bindigar, amma bai san inda suke sauka ba, shi da ya kwantar da manyan mutane a taɓo don wannan tambayar. Ya sa hannu a aljihun gaba. In ya harba wannan, mai saye ba zai karɓi naman ba, mai gida zai tambayi dalili, kuma kafin Asabar duk kwarin zai san cewa Lachie Matheson ya hau dutse bai gwada harsashinsa ba. Ya zare ukun nan ya ajiye a kan ciyawa, ya cusa ta dalmar.

Ya harba. Kishimin ko taku ɗaya bai yi ba, nan take ya faɗi.

Da suka tsallaka, Lachie ya cire hula, ya buɗe bakin dabbar ya shafa dasashi. Haƙoran duk sun cinye. Ya daɗe yana riƙe da tsagaggen kunnen nan kafin ya zaro wuƙa.

"Ba dole ne kowa ya sani ba," in ji Torquil, suna ɗaure shi a kan doki. "Ƙafa dai ai dutse ma yana karya ta."

"Shi kishimin ya sani. Awa uku ya yi yana sani."

A ɗakin nama ya rataye shi can gefe, nesa da na sayarwa, ya wuce babban gida da takalmansa na laka ya gaya wa mai gida kome: harbi biyu, ɗaya jan ƙarfe, ɗaya dalma, da dalilin kowanne. Mai gida ya so ya mayar da abin wasa, Lachie bai taya shi dariya ba. Naman aka raba tsakanin gidansa da na Torquil.

Washegari ba shi da sauran aiki a Glen Orrachan. Duk da haka Torquil ya fito ba doki abinci ya tarar da shi tsaye a kan tudun nan, da bindiga da kwalin Rhona, yana kallon taɓon da ruwan sama ya ƙara wa laushi. Torquil ya ajiye bokiti, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ni na yarda da kai. Barewar ce ba ta san ka ba."

"Ƙarasa mana, tsohon banza."

"Kwanta."

Ya kwanta. Sau uku ƙarfen ya amsa. Suka taka tare suka duba. Ukun sun taru wuri ɗaya, hula za ta rufe su, amma sun sauka ƙasa da farin fentin da kusan tafin hannu, kuma sun karkata gaba, daidai saman ƙafa. Lachie ya ɗora yatsa a wurin, ya daɗe bai ɗauke ba. Aikin minti biyar ne, kuma jiya da safe ya wuce ta nan.

Ya koma taɓon ya fara murɗa saitin madubin bindigar, yana ƙirga kowace ƙara a hankali.

"Gyaran na mene ne kuma?" Torquil ya tambaya. "Ai ka gama. Me za ka sake harba da ita?"

"Ba kome," in ji Lachie, yana cusa wasu ukun. "Amma ba zan rataye ta tana ƙarya ba."